Saniyar Tafki a Ramin Masu Bulo

Shekarun baya, a shekarar da aka toshe layukan waya a Borno, wayar mutum ta koma ba ta da aiki sai haska ɗaki, na shigo Maiduguri a ƙafa, ni da saniya ɗaya.

Daga bakin tafki na fito. A can aka haife ni. Mahaifina Bahaushe ne da sana'ar su ta kai shi, ya zauna, ya sayi shanu a hannun mutanen tsibiri. Da zama ya gagara, mai ɗakina da yara suka shiga jirgin ruwa tare da danginta suka ƙetare zuwa wancan gefen. Ni na tsaya saboda dabbobi, da niyyar in sayar da su in bi bayansu. Abin bai tafi haka ba. Hanyar ruwa ta rufe, na bi ayarin masu yin kudu, shanun suka yi ta raguwa a hanya, wata ta gaji, wata aka karɓe, har na iso gari da guda. Ba zan tsaya a kan wannan ba, kowa a garin nan yana da irin nasa.

Wani bawan Allah ya ba ni gadin kangonsa a unguwar Dala. Ginin ya kai linta aka tsaya, ɗaki ɗaya ne kawai mai rufi. Nan na shimfiɗa tabarmata, saniyar kuma na ɗaure ta a inda za a yi falo. Ita ce ta fara zama a falon Alhaji, kuma ba ta raga masa ba.

Irin shanun da ake ce wa kuri ce. Fara, doguwa, ƙahonninta masu kauri kamar an kafa mata gora biyu a ka. In ka gan su sai ka ce nauyi zai karya mata wuya, alhali cikinsu kamar soso yake. Shanun nan da iyo suke zuwa kiwo. Da safe za ka ga garke ya shiga ruwa daga wannan tsibiri zuwa wancan, ba ka ganin komai sai hanci da ƙaho. Mutanen Dala ba su saba ganin irinta ba, har leƙowa ake yi ta taga.

Maƙwabcina wani dattijo ne Babarbare, mai ɗinkin hula, kullum yana ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa da allura a hannu. Bai taɓa kiran sunana ba. Afuno yake ce mini, wato Bahaushe da yarensu, saniyar kuma uwargida.

"Wushe, Afuno. Yaya uwargida ta kwana?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ka ba ta karin kumallo kafin ka ci naka?"

"Na ba ta."

"To ka fi ni iya aure."

Yawanci wannan ce duk maganar da nake yi da ɗan Adam a yini. Ba wai mutanen unguwar ba su da kirki ba ne. Lokacin ne ya zo da haka, kowa yana taka-tsantsan da baƙon fuska, kuma akwai dokar hana fita, kafin magariba titi ya zama wayam, kowa ya ja ƙofarsa. Ban san inda iyalina suka sauka ba, babu kuma wanda zan tambaya. In na idar da salla sai in zauna a kan bulo kusa da ita, tana tuƙa, ina gaya mata abin da na gani a kasuwa. Ba ta taɓa katse ni ba.

Amma gari bai karɓe ta ba. Ta rame, fatarta ta bushe, ta rage cin ciyawa. Saniyar da ta saba yini a cikin ruwa, ga ta a kan siminti. Ina neman ciyawa wata rana sai na ci karo da wani babban rami a bayan unguwa, inda masu bulo suka daɗe suna ɗibar ƙasa, ruwan damina ya cika shi. Washegari na kai ta. Tun daga nesa ta ɗaga hanci, ta fizge igiyar daga hannuna, ta shiga har sai da ya rage hanci da ƙaho. Na tuɓe riga na bi ta. Masu bulo suka ajiye aiki suna kallon ƙaton mutum da saniyarsa suna wanka. Tun da na bar gida ban yi dariya ba sai ranar.

Haka muka yi duk damina. Ta murmure, gashinta ya yi sheƙi.

Da ruwan sama ya ɗauke, ruwan ramin ya soma ja da baya, yana barin wani fili a kewaye, samansa ya bushe ya tsattsage kamar tsohuwar tukunya. Baba ya ce mini, "Afuno, ka daina kai matarka ramin nan. Ya ci awaki ba ɗaya ba."

Na ce, "Baba, wannan ta yi iyo a ruwan da ba ka hango ƙarshensa. Ɗan kududdufin Dala ne zai ba ta tsoro?"

Ya zura allura, ya ja zare. "Ni ban ce maka ruwa ba."

Na ji maganar, amma ban ɗauke ta da nauyi ba. A wajenmu ƙasan tafki yashi ne da saiwoyin ciyawa, in ruwa ya janye kana takawa lafiya. Akwai wuraren laka, amma shanu sun san su tun suna 'yan maruƙa, su suke nuna mana hanya. Ban taɓa tunanin akwai gefen ruwan da zan fi saniya sani ba, balle wanda mu duka biyu ba mu sani ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Ta sauka kamar kullum, ta hau busasshen filin nan tana nufin ruwa. Ta yi nisa kaɗan sai saman ya fashe, ƙafafunta na gaba suka nutse. Sai ta yi abin da ta iya, ta fara iyo. A ruwa, in ka buga ƙafa, ruwan yana kaucewa ya zagayo ta bayanka, bugun ya ɗaga ka sama. A nan kowane bugu rami yake ƙara mata. Ina daga baki ina kiranta, ina yi mata irin sautin da muke kwantar da shanu da shi. Kafin ta haƙura ta tsaya, laka ta kai mata ciki.

Na faɗa ciki da gudu, nan na gane abin da Baba yake nufi. Baƙar laka ce mai laushi, kamar kunun da ya kwana. Shiga ba wuya. Da na zo ɗaga ƙafa da sauri, sai na ji kamar wani ya kama idon sawuna da hannu biyu. Na ƙara fizga, ya ƙara matsewa. Da na gaji na tsaya ina haki, na ɗan motsa ƙafar a hankali, sai na ji tana tahowa. Ta fito ba takalmi.

Na san ruwa tun ina yaro. In ka ja hannunka a cikinsa a hankali kusan ba ka jin komai, in ka yi sauri ya tokare ka, amma da ka tsaya ya sake ka. Na san yashi, shi a farko yake gardama, da ka motsa abu ya bar maka. Wannan kuwa ko ka tsaya ba ta sake ka ba, tana nan riƙe, in kuma ka yi gaggawa ta mayar da ƙarfinka a kanka.

Masu bulo suka kawo katakai da wani tsohon kwanon rufi, na kwanta a kai rub da ciki na ja jiki har wurinta. Jama'a suka taru. Wani ya jefo igiya ya ce in ɗaura a ƙaho, haka ake yi.

Na ce, "Ba irin wannan ƙahon ba. Zai fita ya bar ta."

"Ƙaho kamar turmi ne zai fita?"

"Girman ne kawai, Malam. Ciki ba komai."

"Kamar mai ita," in ji Baba, wanda ya iso da hularsa da allura a hannu. Aka yi dariya, har da ni.

Ba a daɗe ba wani mahauci ya zo, ban san wanda ya kai masa labari ba. Ya sami tudu ya zauna, ya ajiye wani abu a naɗe cikin tsumma kusa da ƙafarsa. Ya ga ina kallon tsumman, ya ce, "Ni ban ce komai ba, ɗan'uwa. Kallo na zo."

Baba ya ce, "Da wuƙa kake kallo?"

"Ba na fita ba ita, Baba. Kai ma ga allurarka."

Tunda na ga ƙafata ta fito da lallami, na ce a gwada mata haka. Na roƙi masu tura ruwa a kura suka kawo jarkoki. Sai in zura sanda a jikin ƙafarta har ƙasa, in jujjuya, a miƙo mini ruwa in zuba a ramin sandar. Ruwan ya bi ya sauka, lakar ta saki kaɗan, in cusa hannu har kafaɗa in kama ƙafar in ɗago ta, ɗan kaɗan, in huta, in ƙara. Akwai wani tsotso da laka take yi daga ƙasa, in ruwa bai shiga ƙarƙashin kofato ba, ko ku nawa ne ba za ku ɗaga ba. Da ya shiga sai ka ji wani sauti kamar an cire murfin tulu.

Aikin yana ci, amma yana cin rana. Aka kira azahar ƙafa ɗaya ce a kan katako. Na yi salla a makare, laka har wuya. Kafin la'asar ta biyu ta fito, muka tura katakai ƙarƙashin ƙirjinta, na zagaya igiya ta bayan ƙafafun gaba. Duk wannan tana kwance shiru, ta ɗora haɓa a gefen kwanon da nake kai, numfashinta yana bugun kunnena.

Maza suka kama igiya. Na ce a ja a hankali, kada a saki, kada a fizga. In sun yi haka sai ka ga tana tahowa kamar faɗin yatsa. Amma mutum ba ya iya jan abu yana ganin kamar ba ya motsi. Can sai wani ya ba da murya, su haɗa ƙarfi su fizga gaba ɗaya, igiya ta miƙe tana rawa, saniya ta yi nishi, ko gezau. Ƙafafun baya sun yi zurfi, nan ne nauyinta yake, sandata ma ba ta kai ƙasansu.

Inuwa ta yi tsawo. Mutane suka fara duban rana suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da nisan gidansa. Masu ruwa suka ce wannan ne zuwan ƙarshe. Sai direban wata tifa da ta zo ɗaukar bulo ya matso ya ce in ana so zai ja ta da mota.

Na ce a bar ni da ita, zan kwana a nan, gobe mu ci gaba.

Baba ya tsuguna a bakin ramin, ya rage murya. "Afuno, in aka same ka a nan bayan doka, ba tambayar saniya za a yi maka ba. Kuma dubi haƙarƙarinta."

Na duba. Lakar ta matse ta, kowane numfashi sai ta yi masa aiki, jikinta yana karkarwa.

Mahaucin ya ce, wannan karon ba wasa, "In ta cika a ciki, mushe ce. Ba kai, ba kowa. In ka ce in shigo yanzu, zan shigo."

Na kalli mota, na kalli tsumman. Na ce a kawo mota.

Na je wurin direban da kaina. Saurayi ne mai hankali. Na ce, "Ƙanena, don Allah a hankali. Kamar ba ka tafiya."

Ya ce, "Yaya, mota ba ta san irin hankalin da kake nufi ba, amma zan gwada."

Kuma ya gwada, ina shaida. Igiya ta miƙe sannu, saniyar ta soma tahowa, har na ga ƙashin ƙugunta ya fito. Sai tayoyin baya suka fara juyawa a banza a cikin yashin bakin ramin. Ya ƙara wuta kaɗan don kada motar ta mutu. Tayoyin suka tono yashi suka kai ƙasa mai tauri, suka kama, motar ta yi tsalle gaba.

Na ji ƙarar. Kowa ya ji.

Ta fito gaba ɗaya, ta zame a kan katakai har bakin tudu. Wasu suka fara hamdala. Ta kafa ƙafafun gaba ta yunƙura za ta tashi, na bayan suka ƙi bin ta. Ta sake yunƙurawa. Ta juyo tana kallon bayanta kamar na wata ne. Gabanta mota ta ja, bayanta laka ta riƙe, abin da ke tsakani ya rabu.

Direban ya sauko ya tsaya riƙe da ƙofa, ya kasa matsowa. Na ce masa ba komai, Allah ya saka da alheri, kuma har zuciyata na faɗa. Baba ya yi wata magana da Barbarci wadda ban gane ba, sannan ya ce da Hausa, "Ka ba mahauci izini. Rana tana tafiya."

Ni na riƙe kanta. Muka juya ta alƙibla, na share mata laka daga ido da gefen rigata, na ɗaga wa mahaucin kai. Yana da hannu, bai wahalar da ita ba.

Aka yi fiɗa da sauri, kowa yana taimakawa. Ina zaune a gefe na juya baya sai na ji mahaucin ya dakatar da fiɗar. Ya zo ya durƙusa kusa da ni ya ce, "Ɗan'uwa, ka san tana da ciki?"

Ban sani ba. Sai a lokacin na tuna da shanun wasu Shuwa da suke shayarwa a ramin a farkon damina, tana shiga cikinsu. Ƙibar da na ga ta yi, na ɗauka duk ruwa ne ya karɓe ta. Ni da aka haifa a cikin shanu. Ya tambaye ni ko ina so in gani, na ce a'a. Ya haƙa rami a gefe ya rufe da kansa.

Aka ba masu ruwa da masu bulo rabonsu, aka kai gidajen maƙwabta, saura mahaucin ya tafi da shi ya sayar mini. Na isa kango ana rufe ƙofofi. Lakar ta bushe a jikina tana jan fata. Na zauna a kan bulon da na saba zama, ban san me zan yi da bakina ba. Can aka turo kwano ta kan katanga daga gidan Baba, romo ne da zafinsa. Na daɗe ina kallonsa. Daga baya na sha, don tun safe ban sa komai a cikina ba.

Da safe na fito, Baba yana ƙarƙashin darbejiya. Ya ce, "Wushe, Afuno." Ya buɗe baki zai ɗora abin da ya saba, sai ya mayar da ido kan hularsa. Ya matsa gefe a kan tabarma. Na zauna. Ya ci gaba da ɗinkinsa har rana ta ɗaga.

Abin ya daɗe da wucewa. Layuka sun buɗe, na sami labarin iyalina ta bakin wani mai fataucin banda, daga baya suka iso. Yanzu muna Hausari, ina sayar da kifi, da yamma kuma ina zuwa ajin manya, inda na koyi haɗa baƙaƙen da nake rubuta wannan da su. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ramin ma an cike shi, an yi gidaje a kai.

Kwanaki malaminmu yana karanta mana wani darasi a kan dalilin da ya sa kifi yake da tsinin kai. Ya ce duk abin da yake tafiya a cikin wani abu, wannan abin yana jan sa baya, ko iska ce ko ruwa, kuma kowanne da irin jansa. Na ɗaga hannu na ce, laka fa? Ya ce laka sha'aninta daban ne, akwai wadda in ka motsa ta take saki, akwai wadda take ƙara ƙullewa, sai ya ga tawa kafin ya ce wani abu. Na ce tawa tana ƙarƙashin gidan wani yanzu. 'Yan aji suka yi dariya, aka ci gaba da karatu.

Ban ɗora wa kowa laifi ba, ko direba, ko doka, ko kaina. Abin da na riƙe shi ne, sanin ruwa ba sanin duk abin da yake da danshi ba ne. Kuma akwai abin da haƙuri ne kawai yake fitar da shi, amma haƙuri yana bukatar lokaci, ranar kuwa ba a ba mu ba. Har yau in na ga an taru ana fizgar wani abu da ƙarfi, mota ce ta kafe ko dabba, ƙafata ta dama sai ta yi nauyi.

Abin da na rasa a ramin bai da yawa in aka lissafa. Takalmi ƙafa ɗaya. Igiyar aro, wadda aka yanke a wurin ƙulli. Saniya ɗaya, da ɗan da ban gani ba. A duk faɗin Maiduguri kuwa, ita kaɗai ce ta taɓa ganin gidanmu.